Umaru Ganda: waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi

1. Yaro a Yamai

An haifi Umaru Ganda a birnin Yamai cikin shekara ta 1935. Iyayensa Zabarmawa ne. A wannan zamani ƙasar Nijar tana ƙarƙashin mulkin mallaka na Faransa. Yamai kuwa ba ta kai girman da take da shi yanzu ba. Shekara 9 ke nan kacal da Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka maida shi can, cikin 1926. Ƙaramin gari ne a bakin kogin Isa, wanda ake kira Kwara.

Talaka yana shan wahala a lokacin. Akwai haraji, akwai aikin tilas. Ana kama mutane a sa su gyaran hanya ko ɗaukar kaya, ko suna so ko ba su so. Ba a hana aikin tilas ba sai cikin 1946. Ana kuma ɗibar samari a sa su soja, a kai su yaƙi ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba.

Umaru ya shiga lakwal a Yamai, ya yi karatun firamare. Lakwal ta wancan zamani ba irin ta yau ba ce. Faransanci kaɗai ake yi cikin aji. Yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci gaban mushe, horo yake sha. Tarihin da ake koyarwa mafi yawansa na Faransa ne. Labarin kakannin yara ba ya cikin littafi, sai da dare suke jin shi a bakin tsofaffi, tare da tatsuniyoyi.

2. Soja a Indoshin

Cikin 1951, yana da shekara 16, Umaru ya shiga sojan Faransa. Aka sa shi cikin rundunar da ake aikawa gabas mai nisa, wata ƙasa da Faransawa suke kira Indoshin. A yau wurin ya ƙunshi ƙasa uku: Biyetnam, da Lawos, da Kambodiya. Ƙasa ce ta ruwan sama da kurmi da gonakin shinkafa.

Tun 1946 ake yaƙi a can. Mutanen Biyetnam sun tashi suna neman ƴancin kansu, Faransa kuwa ta ƙi sakin su. Sai ta kwaso sojoji daga ƙasashen Afirka da take mulki, ta kai su su yaƙi masu neman ƴanci. Wanda ake mulka ne aka ba bindiga ya harbi ɗan'uwansa wanda ake mulka. Samari da yawa na Afirka sun mutu a wannan yaƙi, aka rufe su nesa da gida.

Umaru ya yi shekara 2 a wannan ƙasa. Ya ga mutuwa da idonsa tun bai cika shekara 20 ba. Ran 7 ga watan Mayu 1954, mayaƙan Biyetnam suka ci sojan Faransa a wani kwari mai suna Diyen Biyen Fu. Faransa ta bar ƙasar. Cikin 1955 aka sallami Umaru daga soja, ya komo gida.

Da ya iso Yamai, sai ya shiga neman aiki. Ya nema nan, ya nema can, bai samu ba. Ya iya riƙon bindiga, amma babu mai bukatar wannan a gari. Ɗan abin da ya taho da shi ya ƙare. Wannan baƙin ciki na tsohon soja ya zauna masa a zuciya shekara da shekaru.

3. Ɗan dako a Abijan

A wancan zamani samarin Nijar da yawa sukan tafi Kurmi biɗar kuɗi. Waɗansu su nufi Kumasi da Ankara, waɗansu su nufi Abijan ta ƙasar Kodibuwa. Umaru ya bi sahunsu. Ya sauka wata unguwar Abijan da ake kira Tireshibil, inda baƙi da leburori suke zaune. Ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Kullum da sassafe sai ya je ya tsaya tare da ƴan'uwansa, suna jiran a ɗauke su aikin yini. Ran da aka dace su wuni suna ɗaukar buhuna, ran da ba a dace ba su komo hannu wofi.

A nan ne ya gamu da wani Bafaranshe mai suna Jan Rush. Shi wannan mutum ya san Nijar, don tun 1941 ya zo ƙasar yana aikin injiniyan hanyoyi. Daga baya ya koma binciken al'adun mutane, yana kuma ɗaukar silima. Ya zo Abijan don ya san yadda ƴan Nijar suke zaune a baƙunci. Da ya ga Umaru ya yi lakwal, kuma yana da baki, sai ya ɗauke shi aiki. Umaru ya riƙa yawo yana tambayar ƴan cin rani, yana rubuta inda suka fito da irin aikin da suke yi.

Cikin 1957 Jan Rush ya ɗauki wani fim a kan zaman waɗannan samari. Umaru ne babban ɗan wasa a ciki. Samarin unguwar suna son silima ƙwarai, har kowa ya ari sunan wani ɗan wasan ƙasar waje ya laƙaba wa kansa. Umaru ya ɗauki sunan wani ɗan wasan Amurka, ana kiransa Robinson. Kamarar da aka yi aiki da ita ba ta ɗaukar murya, sai hoto kaɗai. Saboda haka bayan an gama, aka nuna wa Umaru hotunan, yana kallo yana magana, ana ɗaukar muryarsa. Ba a rubuta masa abin da zai ce ba. Ya faɗi gajiyarsa, da talaucinsa, da burinsa. Kusa da ƙarshen fim ɗin, an nuna shi yana tafiya a bakin ruwa yana ba wani yaro labarin yaƙin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana tashi kamar yadda soja yake yi.

Fim ɗin ya fito cikin 1958 da sunan Faransanci, Moi, un Noir, watau Ni, Baƙin Mutum. Ya sami babbar kyauta a Faransa. Masu yin silima na can suka yi mamakinsa, waɗansu suka koyi dabaru daga gare shi. Muryar ɗan dakon Abijan ta kai Turai.

4. Labarin nasa ne, kamara ta wani ce

Duk da wannan suna da fim ɗin ya yi, ran Umaru bai kwanta ba. Fuska tasa ce, murya tasa ce, wahalar ma tasa ce. Amma wani ne ya riƙe kamara. Wani ne ya zaɓi abin da za a nuna da abin da za a yanke a yar. Daga baya Umaru ya nuna a fili cewa akwai abubuwan da aka nuna a ciki waɗanda ba haka shi ya gan su ba. Bai yi gaba da Jan Rush ba, ya kuwa san ta hannunsa ya shiga wannan sana'a. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan damuwa ba ta Umaru kaɗai ba ce. Tun 1934 gwamnatin Faransa ta kafa wata doka, wadda ta hana kowa ɗaukar silima a ƙasashen Afirka da take mulki sai da izinin gwamna. Ƴan Afirka ba su samun wannan izini. Cikin 1955, waɗansu ɗaliban Afirka da suka koyi aikin silima suka nemi yin fim a gida, aka hana su, sai a birnin Paris suka yi shi. Saboda haka shekara da shekaru baƙi ne suke nuna wa duniya Afirka. A finafinai da yawa, baƙin mutum ba ya fitowa sai a matsayin ɗan dako, ko boyi, ko abin dariya.

Ran 3 ga watan Agusta 1960 Nijar ta sami ƴancin kai. Dokar 1934 ta faɗi. Ƴan ƙasa suka fara ɗaukar kamara da hannunsu. Cikin 1962 Mustafa Alhasan ya yi wani fim a kan aure mai suna Aure, yana cikin finafinan farko da ɗan Nijar ya yi.

Umaru ya komo Yamai. Ya sami aiki a gidan raya al'adu na Faransa da Nijar, yana taimakon masu aikin na'urori. Akwai wata ƙungiyar masu son silima a wannan gida. A cikinta ya koyi riƙon kamara, da ɗaukar murya, da shirya ƴan wasa. Bai yi babbar makarantar silima ba. Da kallo da tambaya da gwadawa ya koya, kamar yadda ɗan maƙeri yake koyon ƙira a gindin uwar maƙera.

5. Kabaskabo

Cikin 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim. Umaru bai je nesa neman labari ba. Ya rubuta abin da ya daɗe yana cin ransa, watau labarin tsohon soja. Da wannan labari ya yi fim ɗinsa na farko, mai suna Kabaskabo. Fim ne na minti 45, hotonsa baƙi da fari. Shi ya rubuta, shi ya shirya, shi kuma ya fito a matsayin Kabaskabo.

Ga yadda labarin yake. Kabaskabo ya komo gida daga yaƙin Indoshin da kuɗi a aljihu. Dangi da abokai suka tarbe shi da murna, maroƙa suna yi masa kirari. Shi kuwa ya saki hannu, yana rabo, yana shagali, yana ba da labarin yaƙi. Ana nuna yaƙin guntu-guntu, yadda yake faɗo masa a rai. Kwanci tashi kuɗi suka ƙare. Abokai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi aiki, bai sami wanda ya dace ba. Wanda jiya ake yi wa kirari, yau babu mai duban sa. A ƙarshe ya juya wa birni baya, ya nufi karkara don ya ci abinci da ƙarfin hannunsa.

A wannan fim Umaru bai zagi kowa ba. Ya dai nuna abin da ya faru, ya bar mai kallo ya tambayi kansa: don wa wannan saurayi ya yi yaƙi, me kuma ya samu? Bai ɓoye laifin Kabaskabo ba, wanda ya watsar da dukiyarsa. Bai ɓoye halin abokan cin mushe ba. Wani abu kuma, mutanen cikin fim ɗin suna magana da Zabarmanci, yadda ake yi a kasuwa da cikin gida. Harshen da aka hana shi yi cikin aji, shi ya sa a bangon silima.

Cikin 1969 aka nuna Kabaskabo a babban bikin silima na birnin Kan a Faransa. A wannan shekara kuma ya sami kyauta a bikin Mosko. Wannan karo, wanda ya ga yaƙin da idonsa shi ne ya ba da labarinsa.

6. Ya juyo da kamara gida

Waɗansu suna zaton duk wahalar talaka daga baƙo take fitowa. Umaru ya san ba haka ba ne. Bayan tafiyar Nasara, akwai zaluncin da ya rage tsakanin ƴan ƙasa da junansu. Sai ya juyo da kamararsa wajen nan.

Cikin 1970 ya yi fim na biyu, wanda aka fi sani da Wazzu, watau wa'azi. Labarin wani mai kuɗi ne da ya komo daga Makka, ana ce masa Alhaji. Yana da mata biyu, amma ya ƙyalla ido a kan wata yarinya mai suna Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Kuɗi suka yi aiki, aka ba Alhaji. Garba ya yi fushi ya bar gari. Kishi ya kama matar Alhaji ta biyu, ta ƙudura kashe amarya daren biki. Cikin duhu ta yi kuskure, ta kashe wata ƙawar amarya. Umaru ba addini ya soka ba. Ya soki auren tilas, da masu fakewa da sunan addini ko da dukiya su danne na ƙasa da su.

Zalika Sule ce ta fito a matsayin matar mai kishi. Tana cikin matan farko na Afirka da suka riƙi wasan silima sana'a, ta kuma fito a finafinan Umaru da dama. Ta sha tsangwama, don waɗansu ƴan kallo ba su rarrabe wasa da gaskiya. Ta rasu cikin 2021.

Tun 1969 ake yin wani babban bikin silima na Afirka a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Hot Bolta. Sunan bikin FESPACO. Cikin 1972 aka fara ba da babbar kyauta ga fim ɗin da ya fi kowane. Sunan kyautar Ingarman Yennenga, don tunawa da dokin wata gimbiya da Mosawa suke ɗauka kakarsu ce. Wazzu ne ya ci. Umaru Ganda ya zama mutum na farko da ya karɓi wannan kyauta a duk Afirka.

Cikin 1972 ya yi fim na uku, Saitan, watau Shaiɗan. A ciki ya tona asirin wani malamin ƙarya mai cin dukiyar mutane da sunan taimako, yana ɓata aure a ɓoye. Ba kowa ne ya ji daɗin waɗannan finafinai ba, gaskiya kuwa ɗaci gare ta. Amma Umaru bai fasa ba.

7. Fim na ƙarshe

A wancan lokaci, yin silima a Nijar abu ne mai wuya. Kayan aiki suna da tsada. Babu wurin wanke fim a ƙasar, sai an aika Turai. Gidajen silima kuwa sun fi nuna finafinan Indiya da na Amurka da na Faransa. Saboda haka Umaru yakan daɗe kafin ya sami kuɗin sabon aiki. A tsakani yakan ɗauki gajerun finafinai a kan al'adun ƙasa.

Cikin 1980 ya gama babban fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, watau Ɗan Gudun Hijira. Daga tatsuniya ya samo shi. Wani jakadan Afirka da ya yi hijira zuwa Turai shi ne yake ba abokansa labarin. Waɗansu samari biyu, wa da ƙane, suna hira suka ce in dai za a ba su ƴaƴan sarki aure, sun yarda a sare musu kai. Ashe sarki ya ji. Ya ba su ƴaƴan nasa, bayan shekara guda kuma ya nemi su cika abin da suka faɗa. Ɗaya ya gudu, ya yi yawon duniya, ya sami girma a wata ƙasa, amma maganar alkawari ba ta rabu da shi ba. Darasin fim ɗin shi ne magana zarar bunu ce, alkawari kuwa kaya ne, ko ga talaka ko ga mai mulki.

Ran 1 ga watan Janairu 1981, ciwon zuciya ya kama Umaru Ganda, ya rasu. Yana da shekara 45 ko ɗan fiye. Ya bar aikin da ya fara bai gama ba.

8. Abin da ya bari

Bayan rasuwarsa, aka sa wa babban gidan raya al'adu na Yamai sunansa. A nan ake yin wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe da taro. A bikin FESPACO kuma aka ƙago wata kyauta mai sunan Umaru Ganda, wadda ake ba wanda fim ɗinsa na farko ya fi kyau. Samari da ƴan mata na ƙasashen Afirka da dama sun karɓe ta.

Umaru bai yi finafinai masu yawa ba. Bai tara dukiya ba. Yana yaro an hana shi harshensa a lakwal. Yana saurayi an kai shi yaƙin da ba nasa ba. Yana ɗan dako wani ya ɗauki hotonsa ya kai duniya. Sai ya koyi sana'ar da kansa, ya faɗi labarinsa da na mutanensa da harshensu, mai daɗi da marar daɗi. Abin da marubuci yake yi da alƙalami, da abin da mawaƙi yake yi da gurmi, shi ne Umaru ya yi da kamara. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ma'anar kalmomi

Mulkin mallaka: mulkin da wata ƙasa take yi wa wata da ƙarfi.
Kurmi: ƙasashen kudu na bakin teku, inda ake zuwa biɗar kuɗi.
Ɗan dako: mai ɗaukar kayan mutane a biya shi.
Kamara: na'urar ɗaukar hoto.
Ingarma: babban doki namiji mai ƙarfi.
Abokin cin mushe: wanda yake abota da mutum don abin hannunsa.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Umaru Ganda, kuma cikin wace shekara?
2. Su wa sojan Faransa suke yaƙa a Indoshin, kuma me waɗannan mutane suke nema?
3. Don me ran Umaru bai kwanta da fim ɗin da aka yi da shi a Abijan ba?
4. Ku ba da labarin Kabaskabo a taƙaice.
5. Wane hali Umaru ya soka cikin Wazzu?
6. Ku nemi wani tsoho a unguwarku ko garinku wanda ya yi soja ko ya tafi Kurmi. Ku saurari labarinsa, ku rubuta shi da Hausa, ku karanta wa aji.